Ranar da Taswira Ya Tafi Neman Tushen Rafi

A layinmu, tsakanin shagon Tela da rumfar masu cajin waya, akwai wani mai gyaran agogo da kowa ke kira Taswira. Sunan ya bi shi ne saboda wata tsohuwar taswirar duniya da ya manna a bangon shagonsa, wadda rana ta cinye launinta har teku da tudu suka zama abu ɗaya, ɓera kuma ya ci rabin wata nahiya. Shi dai bai taɓa yin tafiyar da ta wuce garin surukansa ba. Amma in ka kai masa agogo, kafin ya buɗe bayansa sai ya zagaya da kai duniya ya dawo da kai. Ya san kogin da ya fi kowane tsawo, ya san sarakunan da suka yi yaƙi a kan giwaye, ya san wanda ya fara buga ƙwallo da ka, da abin da ya ɓata masa rai har ya yi hakan. Abin da kawai bai sani ba shi ne ranar da agogonka zai tashi.

Wata rana da hantsi muna zaune a bencin ƙofar shagonsa, yana ba mu labarin dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya.

"In ka kai ƙololuwarsa," in ji shi, "dole ka sunkuya idan wata zai wuce."

Tela, wanda tare suka taso kuma ba ya raga masa, ya leƙo daga bayan kekensa. "Kai ka sunkuya, ko labari aka ba ka?"

"Karatu ne. Kai da iliminka bai wuce tsawon wando ba, ina za ka gane?"

"To malamin duniya, ga wata 'yar ƙaramar tambaya. Rafin nan na bayan layinmu, inda agwagi ke wanka, daga ina yake fitowa?"

Taswira ya miƙe tsaye. Ya juya ya dubi taswirarsa, ya bi ta da yatsa daga sama har ƙasa, har wurin da ɓera ya ci sai da ya leƙa. Muka fara dariya ƙasa-ƙasa. Da ya juyo, maimakon mu ga kunya a fuskarsa, sai muka ga tana walwali.

"Babu shi a taswira," ya ce. "Kun san ma'anar haka? Ba a gano shi ba. Kogi sukutum a bayan gidajenku, kuna zuba masa shara, ba wanda ya taɓa bin sa ya ga tushensa. To ni zan gano shi. Ranar Asabar zan kafa tuta a inda ya ɓuɓɓugo, daga ranar kuma sunansa Kogin Taswira."

Da labarin ya isa gida, matarsa ta ajiye tsintsiya ta dube shi.

"Asabar fa ka ce, Baban Walƙiya? Ranar da ɗanka zai buga wasan ƙarshe?"

Walƙiya shi ne babban ɗansu, ɗan wasan gaba na ƙungiyar unguwarmu. An daɗe rabonmu da kofi, ga shi bana mun kai wasan ƙarshe, za mu kara da 'yan Tsallake, wato unguwar da ke hayin titi, waɗanda ko gaisuwa ba ma yi da su a makon wasa.

"Wasa da yamma ne," in ji Taswira. "Ni da safe zan fita. In gano kogi, in dawo in yi wanka, in zauna a gaba. Lokaci sana'ata ce."

"Agogon ɗakin nan ma tun bara yake tsaye."

"Hutawa yake yi."

Walƙiya, da ke goge takalmansa a gefe, ya ce a hankali, "Baba, ka dai zo. Ba ka taɓa ganin na ci ƙwallo ba."

"Zan zo da tarihi a hannuna," in ji uban.

Aka shiga shiri. Tela ya haɗa masa tuta da ragowar ƙyallaye, ja da rawaya, aka ɗaura a sandar tsohuwar lema. Ya ce shi ma zai bi, don ba ya son a ba shi labarin abin da zai faru. Na uku shi ne Mai Hoto, ƙanin matar Taswira, wanda aka ɗora wa aikin ɗaukar hoton tarihi. Shi kuma ya taho da kyamararsa da dogayen ƙafafunta na ƙarfe, waɗanda yake saɓawa a kafaɗa.

Safiyar Asabar rabin layin ya taru a kan kwalbati. Taswira ya fito da hular hana rana, da tabaransa mai kauri, da kamfas mai nuna arewa da ya gyara da hannunsa, ga agogunan mutane jere a damtsensa na dama da na hagu, kowane da lokacin da yake nunawa. A kansa kuwa babban bahon wankin matarsa ne.

"Yaya, wanki za mu yi a can?" in ji Mai Hoto.

"Jirgi ne. Duk manyan masu binciken duniya ta ruwa suka fara."

Ya ajiye bahon a rafi, ya shiga ya naɗe ƙafafu, ya rungume tuta. Bahon ya zauna daram a kan yashi, domin ruwan wurin ko idon sawu bai rufe ba. Agwagi suka zagaye shi suna kallo. Ya ce a tura shi tsakiya. Tela da Mai Hoto suka naɗe wanduna suka tura, bahon ya ɗaga, Taswira ya cire hula ya fara jawabin ban kwana.

"Jama'a, yau ɗaya daga cikinku zai shiga inda ƙafar ɗan Adam..."

Bahon ya juya da shi a hankali, ya ba jama'a baya, ya bi ruwa.

"Abokina," Tela ya ɗaga murya, "tushen yana can sama. Kai kuma ka nufi ƙarshe."

Taswira ya sa tuta yana tuƙi, bahon na ta juyi kamar faifai, har ruwan ya shige da shi ƙarƙashin kwalbatin da mutane ke tsaye a kai. Aka ruga ɗaya gefen ana jiran ya ɓullo. Hula ta ɓullo, shi bai ɓullo ba. Sai muryarsa daga ciki, tana amsa kuwwa, yana cewa a jawo jirgin ta baya, ya maƙale.

Da aka zaro shi, matarsa na tsaye a bakin ruwa. Ta juye ruwan bahon, ta ɗora a kai ta yi gida.

"An kammala ɓangaren ruwa," in ji Taswira, yana matse riga. "Yanzu za a ci gaba ta tudu."

Daga nan mu muka koma harkokinmu. Abin da ya biyo baya, daga bakin Tela da Mai Hoto muka ji, kuma labarinsu bai saɓa ba ko a wuri ɗaya.

Suka bi gefen rafin, suka wuce bayan gidaje, suka wuce wurin masu wankin mota, har gine-gine suka ƙare, ciyawa ta fara tsawo. Taswira na gaba yana raɗa wa abubuwa suna. Wata kududdufa ta zama Tafkin Haƙuri. Wani tsibin yashi mai tsohuwar taya a kai ya zama Tsibirin Tela, Tela ya ce a bar shi, ya yafe. Da suka iso wani babban suri, Taswira ya ce wannan ne tsauni na farko da aka gano a tafiyar, dole a yi hoto a kansa. Ya hau, ya dogara da tuta, ya ɗaga haɓa.

"Kar ka motsa, Yaya," in ji Mai Hoto, yana kafa ƙafafun kyamara.

"Yi sauri."

"Haske bai daidaita ba. Tarihi ba ya son gaggawa."

"Na ce ka yi sauri. Tsaunin nan akwai mazauna."

Cinnaku ne suka bi ta ƙafar wandonsa suka yi sama. Hoton da ya fito, wanda har yau Mai Hoto ke nuna wa duk wanda ya shiga shagonsa, na mutum ne a sama, ƙafa ɗaya gabas ɗaya yamma, baki buɗe.

Rana ta take sosai lokacin da suka hango wani lambu a bakin ruwa, da wani dattijo a sunkuye yana ban ruwa. Taswira ya tsayar da su da hannu.

"Mutanen wannan ƙasa ne," ya ce da raɗa. "Ku bar ni da shi. A tarihi, haɗuwar farko ita ce mai haɗari. Ba lallai ne ya ji harshenmu ba."

"Daga nan ina hango tankin ruwan unguwarmu," in ji Tela.

Taswira bai saurare shi ba. Ya taka a hankali ta cikin kunyoyin latas, ya dafa ƙirji, ya nuna sama, ya nuna rafi, ya yi alamar ruwa na ɓuɓɓuga da yatsunsa. Dattijon ya miƙe, ya daɗe yana kallon sa, sannan idonsa ya sauka a damtsensa na hagu.

"Malam mai agogo," ya ce, "wancan mai baƙar fatar ba nawa ba ne?"

Taswira ya mai da hannu baya. "Baba, ashe kai ne. Ina wuni?"

"Tun kafin in shuka albasar da na riga na cire na kawo maka shi. Kullum ka ce ana jiran kayan gyara daga ƙasar waje. Ashe yawo kake kai shi."

"Gwaji ake yi masa. Agogo sai an gwada shi a yanayi daban-daban."

"To ka taka min latas a yanayi daban-daban. Cire ka ba ni."

Wajen kiciniyar cire agogon ne karen lambun, da ke kwance a inuwa, ya ga baƙo na ta wutsil-wutsil a gaban maigidansa da jan ƙyalle a hannu. Bai tsaya tambaya ba. Masu bincike uku suka watse. Mai Hoto ya tsallake shinge da ƙafafun kyamara a kafaɗa, Tela ya bar takalmi ɗaya a cikin taɓo, Taswira kuwa ya zame ya faɗi ruf da ciki a laka. Ya tashi da tuta a hannu, amma babu tabarau. Ba wanda ya yarda ya koma nema.

Da suka tsaya haki, sai suka ga suna tsakiyar dogayen ciyayi da suka fi su tsawo. Ba rafi, ba lambu, ba hanya.

"Mun ɓata," in ji Tela.

"Mai bincike ba ya ɓata. Akwai waɗanda suka fita neman wata ƙasa suka faɗa wata dabam, kuma har yau ana karanta su a makaranta." Ya zaro kamfas ya kai shi dab da hancinsa, domin ba tabarau ko yatsunsa da ƙyar yake gani. "Rafin daga arewa yake zuwa. Ga arewa can."

Ya nuna inda Mai Hoto yake tsaye. Suka bi, Mai Hoto na gaba yana buɗe ciyawa. In ya kauce wa ƙaya ya yi dama, Taswira ya duba kamfas ya ce daidai. In ya kauce wa rami ya yi hagu, ya ce daidai. Suka yi ta tafiya har inuwarsu ta fara tsawo. Suka zauna suka ci biredin da Tela ya yi dabarar sakawa a aljihu, suka tashi suka ci gaba. Can Tela ya ce a ba shi kamfas ɗin ya gani.

"Kai, koma bayana," ya ce wa Mai Hoto.

Mai Hoto ya koma. Allurar ta juya ta bi shi.

"Dawo gaba."

Allurar ta dawo.

"Taswira, tun ɗazu ƙanin matarka muke bi. Ƙarfen kafaɗarsa allurar nan take nunawa."

"Ni dai ban taɓa zama arewa ba sai yau," in ji Mai Hoto. "Yaya, ƙarfe nawa? Kar mu rasa wasan yaron nan."

Taswira ya kai damtsensa fuska, ya duba na farko, ya duba na biyu. "Wannan ya ce da saura. Wannan kuma lokacin wata ƙasa yake nunawa."

Kafin Tela ya ba shi amsar da ta taso masa, sai wani ƙugi ya taso daga gabansu, mai ƙarfi, ya yi sama ya lafa, ya sake tasowa. Taswira ya ƙame.

"Kun ji? Ruwa ne ke faɗowa daga kan dutse. Tushen ke nan."

"Wannan kamar hayaniyar mutane," in ji Tela.

"Haka aka rubuta. Duk wanda ya taɓa jin irinsa ya ce kamar taron jama'a. Ku yi haƙuri, abokai, amma sunan wanda ya fara isa ake rubutawa."

Ya rungumi tuta ya kutsa da gudu. Tela mai takalmi ɗaya da Mai Hoto mai kayan ƙarfe suka bi shi suna kira, bai waiga ba.

Mu kuwa a lokacin muna filin ƙwallo, wanda gefensa ɗaya dama ciyawa ce ba wurin tsayawa, shi ya sa duk 'yan kallo ke taruwa a ɗaya gefen. Wasa ya zo ƙarshe-ƙarshe, ba wanda ya ci wani. Matar Taswira na gaba, ta ajiye jakarta a kan kujerar da ta kama masa. Mai ɗaga tuta na ɓangaren ciyawa ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmi, tutarsa a ƙasa. Daidai nan aka zura wa Walƙiya ƙwallo. Ya kwasa, ya bar masu tsaron baya a tsaye, daga shi sai gola. Filin ya ɗauki ihu.

Sai ciyawa ta buɗe. Wani mutum ya fito, laka tun daga hula har ƙafa, ya tsaya cak a kan layi, ya ɗaga tuta ja da rawaya sama iya tsawon hannunsa.

Alƙalin wasa ya hango tuta ta wutsiyar ido, ya busa satar gida. Usur ɗin bai gama fita ba Walƙiya ya narka ƙwallo a raga.

Abin da Taswira ya gani, kamar yadda ya faɗa daga baya, fili ne kore shar, da wani dogon abu fari-fari a can gaba yana motsi yana ƙugi. Mu ne farin abin. Ya cire hula ya fara jawabi.

"Da sunan ilimi da tarihi, ni ne mutum na farko da ƙafarsa ta taka wannan wuri..."

'Yan wasanmu suka yi kan alƙali. Mai ɗaga tuta na gaskiya ya miƙe yana rantsuwa shi bai ɗaga komai ba. Alƙali ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya share gumi.

"Na riga na busa kafin ta shiga," ya ce. "Ko wane ne wannan, ba ci."

Magoya bayan 'yan Tsallake suka keta fili a guje, suka ɗaga Taswira sama a kafaɗunsu, suna zagayawa da shi suna waƙa. Shi kuma yana kaɗa tuta, yana sa musu albarka.

"Na gode, na gode. Ban zaci labari zai riga ni isowa ba. Ku bi a hankali, akwai agogunan mutane."

A gaban 'yan kallo suka sauke shi. Wani ya tsaya a gabansa yana haki. Taswira ya matso da fuska dab da tasa, ya ƙanƙance ido.

"Walƙiya? Me ya kawo ka tushen kogi?"

"Baba, filin ƙwallo ne."

Taswira ya juya a hankali. Ya ga raga. Ya ga Tela ya fito daga ciyawa yana ɗingishi, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ga wata mata ta taso daga kujerar gaba da jaka a hannu, wannan kuwa ko ba tabarau ya gane tafiyarta.

"Na dai zo," ya ce da ƙaramar murya. "Na ce zan zo."

"Ka zo," in ji matar. "Zauna a nan. Ba ni tutar."

Aka tashi canjaras, aka je bugun fenareti. 'Yan Tsallake suka ɗauki kofi. Da za su wuce da shi ta gabanmu, kyaftin ɗinsu ya tsaya ya rusuna ya gai da Taswira, ya ce ko zai taɓa kofin, tunda da shi aka ci.

Shagon agogo ya yi kwanaki a rufe. Ranar da ya buɗe, ba wanda ya zauna a bencin, sai Tela da ya leƙo ya tambaya ko an samu labarin takalminsa daga ƙasashen da aka gano. Amma kafin azahar sai ga layi a ƙofar shagon, duk 'yan Tsallake, kowa da agogonsa, wasu ma lafiyarsu ƙalau. Taswira ya karɓa yana sunkuyar da kai. Zuwa na biyar ya fara ɗagowa. Kafin la'asar muka jiyo shi yana cewa, a iya binciken da ya yi, ba a taɓa samun wanda ya hana ƙwallo shiga raga ba tare da ya taɓa ta ba, kuma ba ya cikin 'yan wasa.

Walƙiya ne bai yi hira da shi ba har mako ya zagayo. Yana gaishe shi da safe, yana kai masa abinci shago, ya ajiye ya juya. Abin ya dami Taswira fiye da yadda ya nuna, har ya gyara agogon ɗaki ba wanda ya roƙe shi. Wata yamma yaron ya kawo abinci, uban ya riƙe hannunsa.

"An ce ƙwallon ta yi kyau," ya ce. "Kawunka ya ce gola ko motsi bai yi ba. Ni ban gani ba. Ina tsaye a wurin, ban gani ba."

Walƙiya ya ja benci ya zauna.

"Da hagu na buga," ya ce.

"Da hagu? Ka san a tarihin masu buga hagu..."

"Baba."

"Na yi shiru. Ba ni labari."

Ya ba shi, tun daga inda aka zuro ƙwallon har ƙarar raga, Taswira bai katse shi ba ko sau ɗaya, abin da Tela ya ce shi ne babban abin mamakin da aka gano a tafiyar gaba ɗaya. Da ya gama, yaron ya miƙe ya ɗauki kwanon jiya.

"Mun yi shawara da 'yan ƙungiya," ya ce. "Baɗi in Allah ya kai mu wasan ƙarshe, muna so ka je ka gano teku."

"Teku ai da nisa, ɗana. Tafiyar kwanaki ce."

"Mun sani, Baba. Mu za mu raka ka tasha."